Ashe ba allurar ce ta ba ni ba

Shekara goma sha bakwai ke nan ina aikin jinya a nan Damagaram, kuma in aka ce in ƙirga sau nawa allura ta soke ni, ba zan iya ba. Duk wanda ya daɗe a wannan aiki ya san zancen. Ka ji tsit a yatsa, ka yarfe hannu, ka goga alkol, ka juya ga majinyaci na gaba, don layi na jiranka har bakin ƙofa. Wadda zan ba ku labarinta, wadda ta buɗe mini ido a kan ciwon hanta nau'in B, ita ce ta shekara biyu da suka wuce, cikin zafin watan Afrilu, a daren gardi, wato aikin kwana.

Wajen ƙarfe biyu na dare aka kawo wani bawan Allah daga wani ƙauye ta hanyar Mirriya. Bai kai shekara arba'in ba. Idanunsa sun yi ruwan ɗorawa, ciki ya kumbura har cibiya ta turo, hannuwa kuwa kamar sillen kara. Wuta ta ɗauke tun magariba, sai na riƙe wayata da haƙori ina haskawa, ina laluben jijiya. A karo na biyu na samu, na ɗebi jinin da za a kai labo. Kwalin da muke jefa allurai ya cika har baki tun kwana uku ba a kawo wani ba, sai na ce bari in mayar wa allurar murfinta kafin in ajiye. Hannu biyu na sa, abin da ni kaina nake hana ɗalibai. Mutumin ya yunƙura zai yi amai, gwiwarsa ta bugi hannuna, allurar ta kauce wa murfin ta shige babban yatsana na hagu. Ina sanye da safar hannu. Na tsaya ina kallon jini yana bazuwa a ƙarƙashin robar, ɗan ɗigo da bai fi ƙwayar gero ba, yana faɗi a hankali.

Na yi abin da aka koya mana. Ruwa da sabulu, ban matse wurin ba, sannan na tsoma yatsan cikin Dakin, ruwan kashe ƙwayoyin cuta, minti biyar. A cikin minti biyar ɗin nan abu ɗaya ne a raina, sida, wato ƙanjamau. Ko tunawa da hanta ban yi ba, alhali ga mutum nan kwance a gabana da idanu ruwan ɗorawa. Kuma na san ba ni kaɗai ba ce. Kusan dukanmu a wannan aiki, da allura ta soke mu, sida muke tsoro, don ita aka fi yi mana horo a kai, ita ce mai magani a ajiye wanda za a fara cikin awa 72 a sha kwana 28. Amma lissafin da ke cikin littattafanmu ya nuna wani abu dabam. In allurar da ta taɓa jinin mai sida ta soki mutum dubu, kimanin 3 ne za su kamu. In ta ciwon hanta nau'in C ce, wajen 2 cikin 100. Nau'in B kuwa, ga wanda ba shi da rigakafi, daga 6 har zuwa 30 cikin 100, gwargwadon yawan ƙwayar a jinin majinyacin.

Da safe Majo, shugaban masu jinya na sashenmu, ya rubuta abin a rajista, abin da muke kira AES, wato haɗarin haɗuwa da jinin majinyaci a wurin aiki. Aka auna jinin mutumin: babu sida, amma AgHBs, alamar ƙwayar hanta nau'in B a jini, ya fito. Majo ya dube ni ya ce, "Hajiya, kin yi rigakafin hanta?" Na ce ban yi ba. Ya ce to a ɗebi nawa jinin yau ɗin nan, kafin a yi mini komai, don a san inda aka tashi. Na miƙa hannu ina ta addu'a kada abin mutumin nan ya shige ni.

Bayan azahar ya kira ni ofishinsa ya rufe ƙofa. Takardar na kan tebur, ya dafe ta da hannu. Ya ce nawa ma ya fito. Na ce, "Majo, ai jiya-jiya ta soke ni." Ya ce, "Shi ya sa na rufe ƙofa. Wannan ƙwaya ba ta bayyana a jini cikin dare ɗaya, sai ta yi wata guda ko fiye. Abin da muka gani ya riga allurar jiya." Bayan wata shida aka sake awo, ya sake fitowa, likita ya tabbatar mini cewa cutar zaunanniya ce a jikina. Ban taɓa yin ciwon shawara ba a rayuwata, idona bai taɓa canza launi ba. Na haihu huɗu, ina azumi, ina gardi. Haka take, tana iya yin shekara talatin ko arba'in tana cin hanta mutum bai ji ko ciwon kai ba.

Tambayata ta farko ga likitan ita ce ko wata tsohuwar allura ce a wurin aiki. Ya ce mai yiwuwa ne, amma ba nan ya fi zato ba. Babban mutum in ya kamu, jikinsa kan kore ta da kansa, ƙasa da 5 cikin 100 ne take zama musu. Jariri kuwa in ya kamu wajen haihuwa, kusan 9 cikin 10 take zama musu har girma, haka ma yaro ƙarami haɗarinsa na da yawa. Sai ya ce, "Mahaifiyarki na da rai? Ƴan uwanki nawa? A kawo su." A nan ne zancen ya tashi daga asibiti ya koma gida.

Inna ta zo daga Birni a bayan kabu-kabu tana mita, wai ita lafiyarta lau, me za a ɗebar mata jini. Nata ya fito. Cikin ƴan ɗakinmu da suka rage, biyu nasu ya fito. Ranar da na haɗa takardun nan a hannuna, Yaya ne ya faɗo mini a rai, babban wanmu. Shekara tara ke nan da rasuwarsa, yana da ƙarfinsa, yana sana'arsa ta ɗinki. Ya rame, ciki ya kumbura, ƙafafu suka kumbura, daga baya ya yi aman jini. Gida aka ce sammu ne, har aka kama sunan wani abokin sana'arsa, aka daina gaisawa da gidansu. An sha rubutu, an sha jiƙe-jiƙe, an yi masa ƙaho. Ni ina nan, da takardar makarantar kiwon lafiya a hannuna, ban ce a auna hantarsa ba sai da lokaci ya ƙure. Wannan ba zai bar raina ba. Allah ya jiƙan Yaya, ya sa ciwon ya zame masa kaffara. Daga baya na je gidan mutumin da aka zarga na gaishe da matarsa, ta karɓe ni hannu biyu, ban iya gaya mata dalilin zuwana ba.

Mu da aka haifa a gida, wanzami ɗaya ne ya yi mana askin suna, ya cire mana belu, ya yi wa mazanmu kaciya rukuni-rukuni a lokacin sanyi, da aska ɗaya. Mutumin kirki ne, gadon gidansu yake yi, kuma a zamaninsa babu wanda ya gaya masa cewa wannan ƙwaya tana iya yin kwana bakwai da ranta a busasshen jini a bakin aska. Wanzaman yanzu da yawa sun koma reza sabuwa ga kowane kai, na yaba musu. Amma ƙahon fa? Da ƙarfen cire belu? Su ba a jefar da su.

A gidan aurena, Malam na fara gaya wa, da dare bayan yara sun kwanta. Ya yi shiru, ya ce, "To, Allah ya sa kaffara ce. Me ake yi?" Na ce a auna kowa. Sakamakonsa ya nuna cewa ya taɓa kamuwa, jikinsa ya kore ta, yanzu yana da kariya. Na daɗe ina kallon takardar nan. Shekara ashirin muna tare, kuma cutar tana bin hanyar auratayya kamar yadda take bin jini. Allah ne ya tsare shi, ba dabarata ba. Abokiyar zamana nata bai fito ba kuma ba ta da kariya, ranar aka yi mata allura ta farko, ta biyu bayan wata ɗaya, ta uku a wata na shida.

Hajiya, mahaifiyar Malam, a gidan take tare da mu. Kwana biyu da jin labari na fito da rana na tarar an ware mini kwano da moɗa, an ɗaura wa moɗar jan zare a hannu. Ba da mugunta ta yi ba, na san ta. Ta ce, "Ƴar nan, kada ki ji wani abu, don yaran ne." Gaskiya na ji wani abu. Na zauna kusa da ita a tabarma na ce, "Hajiya, shekara ashirin muna sa hannu a kwano ɗaya ni da ke. In da ta tuwo ake ɗauka, da tuni ta gama da gidan nan. Ba a ɗauka ta abinci, ba a ɗauka ta gaisawa ko tari, sauro ba ya ɗaukowa, ko nono ba a hana jariri saboda ita. Zo in nuna miki inda take." Na kama hannunta muka je bakin rijiya, na zaro rezar da ke maƙale a tsagar bango. Ta yi tsatsa a gefe ɗaya. Da ita ake yanke wa yaran gidan farce duk Juma'a, su tara, ɗaya bayan ɗaya, kuma ba a rasa wanda za a ɗan yanka. Da ita ake cire ƙaya, da ita ake fasa maruru. A gefenta ga gwangwanin da yara ke zuba buroshin haƙori, babu wanda ya san nasa. Hajiya ta karɓi rezar ta juya ta, ba ta ce komai ba. Washegari moɗata ta koma cikin sauran, zaren ma an kwance. Yanzu ita ce ke sayen reza fakiti guda a Kasuwar Dole ran Alhamis, ita ke rabawa, ita ke tsawatarwa.

Abin da ya fi yi mini nauyi shi ne ƴaƴana. Ƙananan uku nasu bai fito ba. Babbar, ƴar farina, wadda ko sunanta ba na kamawa, nata ya fito. A 2007 na haife ta, a ɗakin Inna, da na je goyon ciki. A 2008 ne Nijar ta shigar da allurar penta cikin rigakafin yara, wadda ake yi a mako na 6 da na 10 da na 14, kuma rigakafin hanta nau'in B na cikinta. Ƙannenta sun samu, ita shekara ɗaya ta raba ta da shi. Sai dai kada uwar da ke karanta wannan ta ce penta ta wadatar. Ga jaririn da uwarsa ke ɗauke da ƙwayar, mako shida ya yi nisa. Ana so a yi masa allurar hanta ita kaɗai cikin awa 24 da haihuwa, sannan penta ta biyo baya. In kuma ƙwayar ta yi yawa a jinin uwar, ana ba ta tenofovir tun tana da ciki don a rage ta kafin haihuwa. Duk wannan yana farawa ne da awo ɗaya a lokacin awon ciki, na ɗigon jini a yatsa. Ni ciki huɗu na yi, an auna ni sida kowane ciki, ba a taɓa auna ni hanta ba, ni ma ban nema ba.

Kun san yadda muke da ɗan fari. Ba mu saba zama mu yi doguwar magana ni da ita ba, komai sai ta wajen Hajiya ko abokiyar zamana. Wannan karon na ce ba wanda zai gaya mata sai ni. Na kira ta ɗaki, na rasa ta inda zan fara, sai na ba ta takardata da tata ta haɗa. Tana ajin ƙarshe na lise, ta iya karantawa. Ta ce, "Umma, mutuwa zan yi kamar Kawu?" Na ce mata Kawu bai sani ba ne, ita kuwa ta sani tun da ƙuruciya, kuma wannan ba ƙaramin bambanci ba ne. Na yi mata bayanin da likita ya yi mini. Ba kowane mai ɗauke da ita ke buƙatar magani nan take ba. Ana duba yawan ƙwayar, ana duba ko hanta na ƙonewa, ana yin hoton ciki, a riƙa maimaitawa a kai a kai. In lokaci ya yi, akwai tenofovir ko entecavir, ƙwaya ɗaya a rana. Ba sa fitar da cutar gaba ɗaya, amma suna danne ta, suna rage haɗarin hanta ta ƙeƙashe ko ta yi daji. Ni yanzu ina sha, ita ana bibiyarta kawai. Kuɗin awon yawan ƙwayar namu mu biyu ya cinye kusan albashina na wata, kuma ni mai albashi ce. Ina tuna mutumin ƙauyen nan na daren gardi, wanda bai yi mako biyu ba ya rasu, ya bar mata da ƴaƴa da babu wanda ya je ya auna.

Abu biyu na hana a gidana. Na farko maganin shawara na kasuwa, irin wanda ake tallarsa da lasifika, jarka-jarka, ana cewa yana wanke hanta cikin mako guda. Hantar da ke fama da ƙwaya ba ta buƙatar a ɗora mata abin da ba a san ƙarfinsa ba, kuma na ga waɗanda suka sha aka kawo mana su ranga-ranga. Na biyu gyaɗa da masara da suka yi fumfuna. Akwai guba a cikinsu da ake kira aflatoksin, in ta haɗu da wannan ƙwaya haɗarin dajin hanta na ninkuwa sosai. Mu kuwa mutanen ƙulli-ƙulli da tunkuza ne. Yanzu tsintar gyaɗa nake sa a yi a faifai, duk wadda ta yi baƙi ko ta motse a zubar, ko kaji ba na ba.

Da na koma aiki, magana ta riga ni isa. Wata abokiyar aiki ta tambayi Majo, ba a gabana ba, ko ya dace in ci gaba da yi wa mutane allura. Ban ga laifinta ba, tambaya ce da ta kamata a yi, na dai so a ce ni ta tambaya. Likita ya amsa mata: mai yin allura da ɗaura ƙarin ruwa da wanke ciwo, in yana sa safar hannu yana rufe duk wani rauni a hannunsa, ba ya jefa majinyaci cikin haɗari. Inda ake tsananta lura shi ne aikin tiyata mai zurfi, inda yatsa da allura ke haɗuwa a wurin da ido ba ya gani, kuma ko a nan yawan ƙwayar ake dubawa. Sai ni kuma na mayar da tambayar. Na bi abokan aikina ɗaya bayan ɗaya, wa ya yi allurar hanta uku cif? Waɗanda suka ce sun kammala ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Wasu sun yi ɗaya a makaranta suka manta, wasu ba su san ko sun yi ba. Babu ko ɗaya da ya taɓa auna ko rigakafin ya kama, alhali awo ne da ake yi wata ɗaya zuwa biyu bayan allura ta uku, in sakamakon awon ya kai 10 an samu kariya.

Wannan na ba ni haushi ƙwarai. Rigakafin nan yana duniya tun 1982. Gambiya, nan Afirka ta Yamma, ta fara yi wa jarirai tun 1986. Faransa, wadda muka kwafo tsarin makarantun lafiyarmu daga wajenta, ta wajabta shi ga ma'aikatan lafiya tun 1991. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mutum miliyan 254 ne ke ɗauke da cutar, wajen miliyan 65 a Afirka, kuma ta kashe mutum miliyan 1.1 a shekarar kaɗai. Amma har yau ina ganin ɗalibai ƴan shekara sha tara suna zuwa mana koyon aiki da farar riga sabuwa, ana miƙa musu sirinji a makon farko, ba wanda ya tambaye su katin rigakafi. A ganina bai kamata ɗalibi ya taɓa allura ba sai an auna shi an yi masa, kuma kuɗin bai kamata ya fito daga aljihun iyayensa ba. Ranar 28 ga Yuli, ranar ciwon hanta ta duniya, wadda aka zaɓa don ranar haihuwar Baruch Blumberg da ya gano ƙwayar, akan yi jawabi a raba riguna. Ni da za a tambaye ni, kuɗin rigunan a sayi allurai.

Wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce Iya mai shara. Ba ta cikin lissafin ma'aikatan lafiya, ba a kiranta horo, ba ta da farar riga. Amma ita ke kwashe abin da muka zubar, ita ke wanke zannuwan ɗakin haihuwa, ita ke goge jini a ƙasa da tsumma, sau da yawa hannu tsirara don safar ba ta isa ba. Na ce, "Iya, allura ta taɓa soke ki?" Ta yi dariya ta buɗe mini tafin hannunta, duk kaushi da tsaga. Ta ce, "Ƴata, ai ni a buhun shara suke samuna. In ta soke ni sai in tsotse wurin in tofar." Allurar da ta soke ta kuwa ba a san ta wa ba ce, ba majinyacin da za a auna. Mu ne muke jefa ta a kwandon shara in kwali ya cika, mu da muka yi karatu. Na kai ta labo da kaina. Allah ya taimaka nata bai fito ba. Muka yi karo-karo a sashenmu aka saya mata alluran, ta kammala. Yanzu in kwali ya kai kashi uku cikin huɗu ni nake rufe shi da hannuna, in tsaya a ƙofar magaza sai an ba ni wani, ko za a ce na cika naci.

Bana aka zo neman auren babbar. Yaron ɗan Zango ne, malamin makaranta. Danginmu wasu suka ce a yi shiru, kada a kore shi, ai ba a gani a fuska. Malam ya ce ba za a ɗaura aure a kan ɓoye-ɓoye ba. Shi ya kira yaron zaure ya gaya masa, ni ina daga ciki ina jin muryoyinsu ƙasa-ƙasa. Yaron ya nemi kwana uku. Da ya dawo, da takardar awo ya dawo, shi ya je ya yi da kansa, nasa bai fito ba. Ya durƙusa ya gaishe ni ya ce, "Umma, a ina ake allurar?" Ya yi ta farko, ya yi ta biyu. Mutanensa sun so a sa rana bayan ƙaramar Sallah, muka roƙe su a ɗaga zuwa bayan babba, don ta uku ta faɗo kafin nan a kuma samu wata guda a auna ko ta kama. Katinsa na wajena, cikin jakar da nake zuwa aiki da ita, tare da nawa da nata.